Sensar oksijin ta tsaya a 3.3V: ta mutu ne ko gaskiya take faɗa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2007 mai inji 1.8, 'yar Amurka. Wata biyu ke nan wutar cek tana kunne, shan mai kuma ya ƙaru. Na kai ta aka sa mata na'ura, ta nuna P0171, aka ce sensar oksijin ta gaba ce ta mutu. Na sayi wata 'yar Beljiyam aka ɗaura, aka goge wutar, bayan kwana uku ta dawo. Sai na sayi 'yar ƙaramar sikana irin wadda ake haɗawa da waya. Ga abin da nake gani bayan na yi tafiya mota ta ɗau zafi: sensar gaba tana kan 3.3V, da ƙyar take motsi. Ta baya tana tsakanin 0.6 da 0.7. LTFT, wato gyaran mai da kwamfutar mota ta koya ta ajiye, yana +22 a silo, in na riƙe totur a 2,500 sai ya sauko +6. STFT, wato gyaran mai na nan take, yana yawo kusa da sifili. Zafin ruwa ba ya wuce digiri 68, domin an taɓa cire mini tamostat aka mayar da fanka dairek. Na ji ana cewa lafiyayyar sensa sai ta riƙa hawa da sauka tsakanin 0.1 da 0.9. To tawa da ta tsaya a 3.3, ita ma ta mutu ke nan? Kuma yaya mutum zai gane daga waɗannan lambobi ko haɗin mai da iska daidai yake?

Daga wani malamin makaranta a Funtuwa

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Da duk mai kawo ƙorafin mota zai zo da lambobi kamar yadda ka zo da su, da aikinmu ya yi sauƙi ƙwarai. Kafin komai, kada ka sayi sensa ta uku. Abin da ka rubuto bai nuna mini laifin sensa ba. Ya fi kama da injin da iska ke shigar masa ta ɓarauniyar hanya, kuma ina kyautata zaton tsohuwar da aka cire ma ƙalau take. In ba a yar da ita ba, ka karɓo abarka ka ajiye.

P0171 ba ta ce sensa ta mutu ba. Abin da take nufi shi ne iska ta rinjayi mai, kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, ta yi ta ƙara mai har ta kusa ƙure iyakar da aka ba ta. Sensa ce ta kawo rahoton, shi ya sa sunanta ke fara faɗowa daga bakin mai gyara, amma wanda ya zo ya ce maka gobara ta tashi ba shi ya kunna wutar ba. An bar jaki ana dukan taiki. Lambobin da ke tuhumar sensar kanta daban suke: P0130 zuwa P0135, ko P0031 da P0032 na hitarta, ko P2195 da P2196 in ta maƙale gefe guda. Ko su ɗin ma sai an gwada kafin a yanke hukunci.

Don mu fahimci juna zan ari kalmomin masu dama kunu. In mai ya yi yawa a haɗin, mu ce ya yi kauri. In iska ta yi yawa, mu ce ya tsinke. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, bai bar ragowar mai ba bai kuma bar ragowar oksijin ba, kowane kilo ɗaya nasa yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Da nauyi ake wannan lissafi. In aka juya shi zuwa lita, kowace litar fetur tana cinye iska kusan lita 9,000. Injiniyoyi suna kiran wannan ma'auni lamda 1. Ƙasa da 1 kauri ne, sama da 1 tsinkewa ce: lamda 0.85 daidai yake da 12.5 da 1, lamda 1.10 kuwa wajen 16.2 da 1.

Ba don ƙarfi aka zaɓi 14.7 ba, don inji ya fi ƙarfi a wajen 12.5 zuwa 13. An zaɓe shi ne saboda tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawanmu suka laƙaba wa indomi. Aikinta kashe guba uku a lokaci guda: kabon monoksaid, ragowar man da bai ƙone ba, da oksaid ɗin naitirojin. Ba ta iya haɗa ukun sai haɗin yana kan lamda 1 ko daf da shi ƙwarai. Kabureta ba ta iya riƙe wannan ma'auni, shi ya sa kamfanin Bosch na Jamus ya fito da sensar a 1976, aka fara sa ta a Volvo 240 da aka kai Kalifoniya, inda dokar hayaƙi ta fi tsauri. Daga 1996 kuma Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a kan ƙananan motocin da ake sayarwa a ƙasar, wanda shi ne dalilin da 'yar sikanarka ta iya magana da motarka.

Maganar 0.1 zuwa 0.9 da ka ji gaskiya ce, amma ta tsohuwar ƙira ce. Cikin irin wannan sensa akwai ɗan tangaran na zakoniya da aka shafe da filatinam ciki da waje. Hayaƙi yana bin wajensa, cikinsa kuma iskar duniya ce mai oksijin kashi 21 cikin ɗari. In ya yi zafi ya kai digiri 300 zuwa 350, bambancin oksijin da ke tsakanin ɓangarorin biyu sai ya haifar da 'yar wutar lantarki kamar ƙaramin batir. In hayaƙi ba shi da oksijin, wato haɗi ya yi kauri, wutar ta hau 0.8 ko 0.9. In oksijin ya yi saura, ta faɗo 0.1 ko 0.2. Tsakiya 0.45 ne, amma ba ta zama a nan, tsallake shi take yi da zarar haɗin ya ɗan gota.

Hawa da saukar nan kuwa ba sensar ke yi don kanta ba, kwamfuta ce ke wasa da mai. Ta ga 0.8 ta rage, ta ga 0.2 ta ƙara, kamar mai keke da ke ɗan karkaɗa kan kekensa hagu da dama don ya tafi a miƙe. A juyi 2,500 lafiyayya takan yi hawa da sauka kamar sau ɗaya a daƙiƙa ko fiye. Wadda ta tsufa sai ka ga tana jan jiki, ko ta kasa kaiwa ƙarshen sama da ƙasa, tana yawo tsakanin 0.3 da 0.6. Raunin wannan ƙira shi ne tana iya cewa kauri ko tsinke, amma ba ta iya cewa nawa ne. In ta nuna 0.9, yana iya zama 13 da 1, yana iya zama 11 da 1. Wanda ya ce maka ya karanta ainihin ma'aunin haɗi daga irin wannan sensa, ƙiyasi kawai ya yi.

Ta gaban motarka ba irin wannan ba ce. Corolla 'yar Amurka ta 2005 zuwa 2008 tana amfani da sabuwar ƙira, wadda Toyota ke rubuta wa A/F, wato iska da mai, mai iya faɗin adadin kauri ko tsinkewa. Ita kwamfuta ce ke ɗora mata tsayayyar wuta, sannan ta auna yawan lantarkin da ke gudana a cikinta. A lamda 1 ba abin da ke gudana. In haɗi ya tsinke sai ya gudana ta wannan fuska, in ya yi kauri ta waccan, kuma gwargwadon nisa daga daidai gwargwadon yawansa. Kwamfuta ce ke fassara wannan zuwa lambar da kake gani a waya. A Toyota 3.3V shi ne lamda 1. Sama da 3.3 tsinkewa ce, ƙasa da 3.3 kauri ne, wato akasin tsohuwar ƙira, kuma wannan juyin yana rikita har ƙwararrun da suka saba da ta da. Wasu sikanoni suna raba lambar gida biyar su nuna 0.66, sai mutum ya ɗauka tsohuwar ƙira ce ta maƙale. Sauran kamfanoni kowa da tasa tsakiyar, wasu ma da mA, ma'aunin yawan lantarkin da ke gudana, suke nunawa, sifili a tsakiya. Shi ya sa in manhajarka tana nuna lamda kai tsaye, shi za ka riƙa dubawa, ya fi sauƙi. Irin wannan sensa ba ta buƙatar lilo, don kwamfuta ta riga ta san nawa za ta gyara. Zamanta a kusa da 3.3 tana ɗan rawa, shi ne alamar lafiya.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma ba zan ɓoye maka ba: wadda wayarta ta tsinke, ko hitarta ta ƙone, ita ma 3.3 take nunawa. Bambancin shi ne mai rai tana amsawa in an taɓa ta, matacciya ba ta ko gezau. Gwajin ba ya cin minti biyu. Mota tana tsaye, giya a P, inji da zafi, idonka a kan waya. Taka totur da sauri ka saki. Lokacin takawa lambar ta faɗo ƙasa da 3.0, don kwamfuta ta watsa ƙarin mai. Sannan ka kai juyi wajen 4,000 ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. A nan kwamfuta tana yanke mai ɗungurungum na ɗan lokaci, iska zalla ke fita ta salansa, lambar ta yi tsalle ta wuce 3.8, sannan ta dawo 3.3. In ta yi biyun nan da hanzari, sensarka tana da rai. A gareji mai babbar na'ura akwai gwajin da Toyota ta tanada, inda ake umartar kwamfuta ta ƙara mai da kashi 25 ko ta rage kashi 12.5 a ga yadda sensocin biyu za su amsa. Kada a ɓata lokaci da mita a kan wayoyinta, abin da mita za ta nuna tsayayyar wutar kwamfuta ce kawai.

Yanzu ga gundarin tambayarka. Sensa tana faɗin yadda haɗin yake ne bayan an riga an gyara shi. Matuƙar kwamfuta tana sauraren sensa, wanda za ka gani an rubuta CL a allon, to za ta yi ta ƙari da ragi har sai sensa ta ce daidai. Saboda haka injin da ke da matsala ma yana iya nuna 3.3 ko lamda 1.00 tsaf. Abin tambaya shi ne wace irin wahala kwamfuta ta sha kafin ta kai can, kuma amsar tana cikin STFT da LTFT. STFT gyaran nan take ne, yana canjawa kowace daƙiƙa. LTFT abin da kwamfuta ta koya ne ta ajiye, in ta ga kullum sai ta ƙara mai a wani yanayi sai ta rubuta shi ta riƙa farawa daga nan. Haɗa su ake yi a karanta. Alamar ƙari tana nufin haɗin da can tsinkakke ne ana ƙara masa mai, alamar ragi tana nufin mai kauri ne ana rage masa. Jimillar da ba ta wuce 5 sama ko ƙasa ba inji ne mai ƙoshin lafiya. Har 10 ana haƙuri. Abin da ya haura haka akwai dalili, ko da wutar cek ba ta kama ba.

Naka +22 ne a silo, +6 a 2,500, kuma wannan bambanci shi ne mafi amfani a duk abin da ka turo. Iyafulo, wato na'urar auna iska da ke bayan iyakilina, ita ke faɗa wa kwamfuta yawan iskar da ta shigo. Duk iskar da ta shiga ta bayanta ba a lissafa ta ba, ba a kuma ba ta mai ba. Mu ɗauka injinka yana shaƙar giram 2 na iska a daƙiƙa a silo, kuma akwai wata kafa da ke shigar da giram 0.4. Kashi 20 cikin ɗari ke nan. In ka ɗaga juyi zuwa 2,500 injin yana shaƙar kamar giram 7, kafar nan kuwa ba ta ƙara faɗi ba, 0.4 ɗinta dai take shigarwa, sai ya koma kashi 6 ko ƙasa. Ka ga lissafin ya faɗa kan lambobinka.

Da famfon mai ne ya yi sanyi ko matatar mai ta toshe, da akasin haka za ka gani: silo ƙalau, amma lambar ta yi ta hawa in an taka ko ana hawan tudu, don a nan ne inji ke neman mai da yawa. Ƙarfin turin mai a wannan inji psi 44 zuwa 50 ne, da geji ake aunawa, ba da kallon yadda mai ke feshi daga tiyo ba. Iyafulo da ƙurar hunturu ta lulluɓe ita ma a sama ta fi nuna kanta. In kuwa lambar tana sama a ko'ina daidai wa daida, sai a tuhumi nozul da suka toshe, ko man kansa. Metanol, alal misali, iskar da yake buƙata 6.4 da 1 ce kawai, saboda haka fetur ɗin da metanol ya yi wa yawa, irin wanda aka shigo da shi Najeriya a Fabrairun 2022 har aka janye shi daga gidajen mai, dole ya tsinka haɗi. Lambar da ta nutsa can ƙasa, kamar -15 ko -20, tana nuna nozul mai ɗiga, ko bawul ɗin tururin tanki da ya maƙale a buɗe, ko fetur da ya gauraya da baƙin mai.

To ina kafar take? Buɗe bonet. A wannan inji manifol ɗin iska, wato bututun da ke raba iska zuwa silindoji, yana gaba ta wajen lagireto, baƙi ne na roba mai ƙarfi, kuma tsakaninsa da kan inji akwai siririn gasket na roba da shekaru da zafi ke busarwa. Shi nake fara zargi a motar da ta kai shekarun taka, musamman in matsalar ta fi tsanani da sanyin safiya ta ragu in inji ya gasu. Amma ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Inji yana silo, ka sami filaya ka naɗe bakinta da tsumma, ka riƙa matse ƙananan tiyoyin da ke shiga manifol ɗaya bayan ɗaya: wanda ya tafi tukunyar birki, wanda ya fito daga murfin saman inji, da na tururin tanki. Kowanne ka riƙe shi daƙiƙa goma kana kallon STFT. Tunda kwamfuta ta saba ƙara kashi 22, da zarar ka toshe kafar mai zai yi yawa, STFT ya nutsa zuwa -15 ko -20. Tiyon da ya yi haka, a kansa ko a abin da yake kaiwa matsalar take.

In tiyoyi ba su nuna komai ba, sai a koma kan gasket. Na taɓa karɓar irin motarka da sassafe cikin hunturu, an riga an canja mata sensa da fulogai da famfon mai. Na ɗora wayar a kan gilashi, na ɗauki gwangwanin wankin kabureta na fesa kaɗan a inda manifol ya haɗu da kan inji. Bututu na farko shiru, na biyu shiru. Ina kaiwa na ƙarshe muryar injin ta canja, STFT ya faɗo daga +2 zuwa -18, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya koma inda yake. Da muka kwance manifol, gasket ɗin ya baje ya bushe kamar ƙirgi, ina lanƙwasa shi ya karye a hannuna, kuma a gefen bututun nan ga layin jar ƙura siriri inda iska ta daɗe tana bi. Kuɗin sabon gasket bai kai rabin na sensa ɗaya ba. Amma wannan feshi yana kama wuta. A yi shi kaɗan-kaɗan, a fili, nesa da manifol ɗin hayaƙi da ke baya, da abin kashe gobara a kusa. Ruwa a 'yar kwalbar feshi ma yana aiki, don yana toshe kafar na ɗan lokaci. Mafi kyau duka shi ne na'urar da ke tura hayaƙi cikin manifol a ga inda zai ɓullo, in akwai mai ita a kusa da kai.

Akwai lokutan da sensa ke faɗin gaskiyar abin da ta shaƙa amma rahoton ya ɓatar da kwamfuta. Oksijin kawai take gani, ba ta ganin mai. In salansa ta tsage a gabanta, ko walda ta bar 'yar kafa, iskar waje tana shiga ta ce haɗi ya tsinke alhali bai tsinke ba. Haka in fulogi ɗaya ba ya kamawa: mai da iska su fito ɗanye, ita oksijin ɗin kawai za ta gani, kwamfuta ta ƙara mai a kan wanda ma bai ƙone ba. A nan sensar baya take amfani a matsayin shaida ta biyu. Ita tsohuwar ƙira ce, tana bayan indomi, kuma in indomi na aiki takan zauna lafiya tsakanin 0.5 da 0.8. Da ta gaba ƙarya take yi ana ɗura wa inji man da bai nema ba, da ta baya ta maƙale sama wajen 0.9, bakin salansa ya yi baƙi, ana jin warin ɗanyen mai. Taka tana 0.6 zuwa 0.7, wato shaidu biyu sun yi ittifaƙi cewa injin da gaske yake buƙatar ƙarin nan. Wannan lamba albishir ce ta wani ɓangaren kuma: indominka yana nan kuma yana aiki. Wanda aka fasa aka kwashe saboda filatinam, faladiyam da rodiyam da ke cikinsa, sensar bayansa lilo take yi daga 0.1 zuwa 0.9, P0420, lambar da ke cewa indomi ba ya aiki yadda ya kamata, ta biyo baya.

Batun shan mai kuwa, ba na jin kafar iska ita kaɗai ta jawo shi. Kwamfuta tana cike giɓin, haɗin yana komawa 14.7, asarar ba ta da yawa sai a silo. Lambar da ta fi damuna ita ce 68. Tamostat ɗin wannan inji, wato bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗau zafi, yana fara buɗewa a digiri 82, kuma injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen 85 zuwa 95. Na san hujjar da ake bayarwa, cewa tamostat na ƙasashen sanyi ne, mu nan zafi gare mu. Ban yarda da ita ba. Ko a Maiduguri cikin watan Afrilu zafin gari wajen rabin abin da inji ke buƙata ne kawai. Injin da ke yawo a 68 kullum a matsayin wanda bai gama ɗumi ba kwamfuta ke ɗaukarsa. Baƙin mai bai saki sosai ba, fetur ba ya zama tururi yadda ya kamata, wani yana bin bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai, fanka kuma tana jan wuta ba hutu. Duk wannan daga tanki ake biya. Motar da ke tafasa, laifin yana ga lagireton da ruwan rijiya ya toshe, ko murfinsa, ko famfon ruwa, ko fankar da ta yi sanyi. Cire tamostat rufe ciwon ne kawai. Ka mayar da shi, mai wayarin ya mayar da fanka kan umarnin kwamfuta, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Sannan ka auna shan man da kanka: cika tanki, mayar da ma'aunin tafiya sifili, in ka sake cikawa ka raba kilomita da lita.

Game da 'yar Beljiyam da aka ɗaura maka, in ta ci gwajin totur ka bar ta. Haɗarin sayen sensa a Kofar Ruwa ko Panteka ba tsufa kaɗai ba ne. Tsohuwar ƙira da sabuwa zarensu ɗaya, sufana 22 ke kwance su duka, kuma kowace tana iya zuwa da waya huɗu, sai a ɗaura wadda ba ita ba a yanke soket a murɗa wayoyi. Ka sa a duba lambar da ke jikinta. Mita ma tana rarrabe su ta hita: ta A/F a wannan mota ohm 2 zuwa 3 ne ko kusa da haka, ta baya kuwa 11 zuwa 16. Tsohuwar da aka cire, dubi bakinta. Baƙin toka mai laushi alamar kauri ce. Farin gari kamar alli yawanci gam ɗin silikon ne da aka lafta a wani gasket, ko ruwan lagireto da ke shiga silinda. Ɓawo mai ruwan ƙasa baƙin mai ne inji ke ƙonawa. Duk sensar da irin waɗannan suka kashe, sabuwar ma za su kashe in ba a toshe tushen ba. Kada kuma a wanke ta da fetur ko a kankare ta da buroshin ƙarfe.

Tunda aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 mutane da yawa suna mayar da motocinsu kan gas ɗin CNG, to in kana da wannan niyya ka gyara wannan matsala tukuna. Sensa ba ta san abin da ake ƙonawa ba, lamda 1 kawai take nema, wanda a gas ɗin wajen 17.2 da 1 ne. Mai saita gas yana bin lambobin fetur ne, in ya ɗora saitinsa a kan +22 ya gina a kan karkataccen tushe. Saiti mai kyau shi ne wanda STFT da LTFT ba sa canjawa sosai in an juya daga fetur zuwa gas.

Bayan gyara a goge abin da kwamfuta ta koya, da sikana ko ta hanyar cire kan batir na 'yan mintuna, in ba haka ba za ta ci gaba da ɗura kashi 22 ɗin nan har sai ta sake koyo. Bari inji ya kai 85 ko fiye, kashe AC da fitilu, ka bar shi a silo minti biyar, sannan ka yi tafiyar kilomita 15 zuwa 20 da ta haɗa cikin gari da babban titi. Ka dawo ka rubuta jimillar STFT da LTFT a silo da kuma a 2,500. Duka biyun su zauna tsakanin -5 da +5. In silo ya gyaru amma na sama ya ƙi sauka, ko yana hawa a kan tudu, ka kwance iyafulo, kusoshi biyu ne ke riƙe da ita, ka fesa mata maganin wankinta na musamman ba tare da taɓa siririyar wayar ciki ba, ka bari ta bushe ka mayar, ka sake aunawa kafin a taɓa famfon mai.